Yadda ake karanta taurarin gari: mu gwada da Bagadaza ta shekarar 762

A shekara ta 145 bayan Hijira, wato 762 Miladiyya, Halifa Abu Ja'afar Mansur ya tsaya a gaɓar yamma ta kogin Dijla ya aza tubalin farko na sabon birninsa. Wurin shi ya zaɓa da kansa, bayan ya zagaya ya kwana ya tambayi mutanen ƙauyukan yankin game da sauro da zafi da ambaliya. Amma lokacin aza tubalin ba shi ya zaɓa ba. Masu duban taurari na fadarsa ne suka tsayar masa da sa'a, a gabansu akwai Naubakht, mutumin Farisa, da Masha'allahu ɗan Asari, Bayahude daga Basra. Taswirar saman da suka zana a ranar ba ta ɓata ba, domin masanin taurari Albiruni ya kwafe ta a littafinsa bayan shekara fiye da 200. Saboda haka Bagadaza ce gari mafi dacewa ga wanda ke son ya ga yadda ake wannan aiki daga tushe, ya kuma auna da kansa ko maganar ta tsaya.

Kafin mu shiga, a fahimci matsayina. Malamanmu sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai sanin tafiyarsu, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wannan ba wanda ya hana. Akwai kuma da'awar cewa taurari ne ke juya al'amuran mutane, wannan shi ne hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito ya kira yanki na sihiri. Ni ba duba nake koyarwa ba, kuma ban yarda tauraron Mushtari (Jupiter) na ciyar da kowa ba. Abin da nake so shi ne ɗalibin tarihi ya iya buɗe tsohon littafi, ya ga an ce "an kafa gari kaza Mushtari yana Ƙausu", ya san abin da ake nufi, ya sake lissafin, ya kuma gane inda aka yi masa rufa-ido. Ilimin ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan mahaifin Jabarti mai tarihi, ya bar rubutu a kan hatimai da taurari wanda har yanzu masana ke nazari.

Kayan aiki kaɗan ne: takarda, biro, ruler ko duk abin da zai ja layi miƙaƙƙe, da kwamfuta mai manhajar Stellarium, wadda kyauta ake sauke ta. Mutanen da suna amfani da usɗurlabi, na'urar auna taurari, da kundin lissafi da ake kira ziji. Abin da ke cin musu yini guda kai minti biyar ya ishe ka.

Mataki na farko: nemo ranar haihuwar garin

Nan ne yawancin karatun taurarin garuruwa ke mutuwa tun kafin a fara, sai dai masu yi ba sa faɗa. Duk aikin yana rataye ne a kan rana ɗaya da sa'a ɗaya. Mutum ana haihuwarsa a lokaci sananne. Gari fa?

Ɗauki Kano. Yaushe aka haife ta? Ranar da mutanen farko suka sauka a gindin Dala suna narka tama? Zamanin Bagauda? Lokacin da Gijimasu ya fara ganuwa? Zamanin Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, da aka kafa Kasuwar Kurmi? Ko 27 ga Mayu, 1967, da aka ƙirƙiro jiha? Kowace ka ɗauka sama daban za ta ba ka, kuma mafi yawansu ko shekarar ba a tsayar ba, balle sa'a. Abuja ma, da aka zana ta a takarda kafin a gina, tana da rana biyu masu ja da juna: 3 ga Fabrairu, 1976, da aka yi dokar kafa ta, da 12 ga Disamba, 1991, da gwamnati ta tare. Idan ka ga wani ya rubuta halin Kano daga taurari, tambayar farko ita ce wace rana ya ɗauka, kuma me ya sa. In ya kasa amsawa, ka rufe shafin ka yi wani aiki.

Garuruwan da wannan karatu ke yiwuwa a kansu su ne waɗanda mai mulki ya tashi takanas ya kafa a rana guda, aka kuma rubuta. Bagadaza tana cikinsu. Ranar da aka fi bayarwa ita ce 30 ga Yuli, 762, wasu masu lissafi kuma sun karkata ga washegarinta. Ga aikinmu bambancin bai da yawa, domin Wata kaɗai ke gudun da zai sauya wuri sosai a kwana ɗaya.

Rubuta abu uku a saman takardarka: ranar, wurin, da sunan wanda ya fara ruwaito ranar tare da zamaninsa. Na ukun zai yi maka amfani a ƙarshe.

Mataki na biyu: mayar da sama yadda take a ranar

Buɗe Stellarium. Danna F6 ka sa wuri, ka nemi Bagadaza, tana wajen daraja 33 arewa da 44 gabas. Danna F5 ka sa shekara 762, wata 7, rana 30. Kada ka wahalar da kanka da juya kalanda, manhajar da kanta take komawa tsohuwar kalandar Rumawa ga duk ranar da ta gabaci Oktoban 1582. Da yake da rana tsaka ne, ba za ka ga komai ba sai hasken rana. Danna harafin A, hasken zai ɗauke, taurari su fito.

Yanzu sai ka bi taurari bakwai masu tafiya, waɗanda su kaɗai mutanen da suka sani: Rana, Wata, Uɗarid (Mercury), Zahra (Venus, ita ce Zara matar wata da muka sani tun muna yara), Mirrihu (Mars), Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn). Kowanne ka danna, bayanai za su jeru a gefen hagu. Abin da kake nema shi ne matsayinsa a kan hanyar da rana ke bi a shekara, lamba ce tsakanin 0 da 360.

A kula da tarko biyu a nan, ni duka biyun sun kama ni a gwajin farko.

Na ɗaya, lambar iri biyu ce. Ɗaya tana da alamar J2000.0 a jikinta, wato an auna ta da saman zamaninmu. Bar ta. Ɗauki ɗayar, ta ranar da ka sa. Tsakaninsu akwai daraja wajen 17, kuma wannan ya isa ya fitar da Uɗarid daga burujinsa ya jefa shi na gaba.

Na biyu, kada ka bi hotunan dabbobi da manhajar ke zanawa a sama. Buruji a wajen masu wannan lissafi yanki ne na daraja 30 cif, guda 12, ba ruwansu da inda hoton ya tsaya. Daga 0 zuwa 30 Hamal ne, wato Rago. Sai Saur (Sa), Jauza (Tagwaye), Saraɗan (Ƙaguwa), Asad (Zaki), Sunbula (Zangarniya), Mizan (Ma'auni), Aƙrab (Kunama), Ƙausu (Baka), Jadyu (Ɗan'akuya), Dalwu (Guga), Hutu (Kifi). Raba lambarka da 30, abin da ya fita shi zai nuna maka burujin (0 Hamal, 1 Saur, haka har 11 Hutu), ragowar kuma darajarsa a ciki.

In ka yi daidai, ga abin da za ka samu: Rana wajen daraja 10 a Asad. Mushtari wajen 8 a Ƙausu. Mirrihu wajen 6 a Jauza. Wata a Mizan. Uɗarid can ƙarshen Saraɗan. Zuhal yana bakin iyakar Hamal da Saur, Zahra tana bakin iyakar Jauza da Saraɗan. Waɗannan biyun na ƙarshe, tunda zijin mutanen da yakan saɓa wa kwamfuta da 'yan darajoji, suna iya faɗawa nan ko can, ya danganta da lissafin wanda ka bi.

Mataki na uku: tsayar da ɗali'i, ka raba gidaje

Ɗali'i shi ne burujin da ke ɓullowa daga gabas a daidai sa'ar da aka fara aikin. Kusan duk awa biyu yake sauyawa, shi ya sa sa'a ta fi rana muhimmanci. A taswirar da Albiruni ya adana, ɗali'in Bagadaza Ƙausu ne, Mushtari kuma yana zaune a cikinsa. Wannan ya sauƙaƙa maka: juya fuskar manhajar gabas, ka riƙa tura agogo gaba har Mushtari ya taɓa bakin ƙasa. Za ka tarar abin ya faɗo bayan ƙarfe biyu da rabi na rana, tsakanin azahar da la'asar. A ƙarshen Yuli, a Iraƙi. Wanda ya san zafin ƙasar zai gane cewa ba don jin daɗi halifa ya fito a wannan lokaci ba.

Zana murabba'i, ka raba shi gida 12, yadda suke yi a da, kamar hatimi. In wannan ya yi maka wuya, zana da'ira ka yanka ta kamar kankana. Hanya mafi sauƙi, kuma tsohuwa, ita ce kowane buruji ya zama gida guda. Ƙausu gida na 1, Jadyu na 2, Dalwu na 3, haka har ka zagayo Aƙrab na 12. Sai ka sauke kowane tauraro a gidansa.

Ma'anar gidajen asali ta mutum ce, aka aro ta ga gari. Na 1 shi ne jikin garin da mutanensa. Na 2 dukiya. Na 3 maƙwabta da gajerun hanyoyi. Na 4 ƙasa, gonaki, gine-gine da ƙarshen al'amari. Na 5 'ya'ya da shagali. Na 6 cuta da bayi. Na 7 abokin hulɗa da abokin gaba na fili, wanda kuke fuskantar juna. Na 8 mutuwa da gado. Na 9 addini, ilimi da doguwar tafiya. Na 10 sarauta. Na 11 abokai da buri. Na 12 kurkuku da maƙiyin ɓoye. Huɗu daga ciki, na 1 da na 4 da na 7 da na 10, ana ce musu autad, wato turaku. Tauraron da ya faɗa turke shi ke da murya a taswirar, kamar mai unguwa a zaman sulhu.

Mataki na huɗu: halin gari

Ana karanta hali daga ɗali'i da mai gidansa. Kowane buruji yana da uban gida: Asad na Rana, Saraɗan na Wata, Jauza da Sunbula na Uɗarid, Saur da Mizan na Zahra, Hamal da Aƙrab na Mirrihu, Ƙausu da Hutu na Mushtari, Jadyu da Dalwu na Zuhal. Tauraro a gidansa kamar magidanci ne a zaurensa, abin da ya ce shi za a yi. A gidan da ke fuskantar nasa kuwa baƙo ne mara galihu. Mushtari da Zahra su ne na sa'a, Zuhal da Mirrihu na nahisa, wato rashin sa'a, sauran ukun suna bin wanda suka zauna da shi.

Dubi takardarka yanzu, za ka ga abin da Naubakht ya yi ta fako. Mushtari, babban tauraron sa'a, na alƙalai da malamai da wadata, yana gidansa, yana kan turken farko. Rana, ta sarakuna, ita ma tana gidanta Asad, a gida na 9 na addini da ilimi. Tsakaninta da Mushtari daraja kusan 120 ne, abin da suke kira taslisi, kallon ƙauna a wajensu. Kallon 60 ma na alheri ne, na 90 da na 180 kuwa na husuma. Mushtari shekara kusan 12 yake yi kafin ya zagayo Ƙausu, Rana kuma wata guda kawai take yi a Asad. Haɗuwar biyun ba kullum ba ce, kuma a fili yake dalilin da ya sa suka kama wannan mako.

Mai karatun zai ce: gari ne na shari'a da ilimi da karamci, inda mulki ke jingina da addini, baƙi daga nesa ke zuwa neman karatu. Kai kuma da ka san Baitul Hikma da Alhawarizmi da Imam Ahmad sai gabanka ya faɗi, ka ce ai kuwa haka aka yi. Riƙe wannan mamaki tukuna, za mu dawo kansa.

Akwai aibi biyu da masu yabon taswirar kan tsallake. Mushtari a ranar yana cikin komawa da baya, abin da suke ɗauka rauni ne, sai bayan 'yan kwanaki ya miƙe. Na biyu ya fi girma, yana mataki na shida.

Mataki na biyar: arziki da sana'a

Ƙa'idar ita ce ka dubi gida na 2, ka nemi uban gidansa, ka ga inda ya sauka da halin da yake ciki. Sannan ka dubi wane tauraro ya fi ƙarfi, domin kowanne da sana'o'insa. Uɗarid na marubuta da 'yan kasuwa da masu lissafi. Zahra ta masu turare, masu kayan ado, masaƙa da mawaƙa. Mirrihu na sojoji, maƙera da mahauta, duk mai aiki da ƙarfe ko wuta ko jini. Zuhal na manoma, magina da masu haƙa. Wata na talakawa, 'yan aike da masu jiragen ruwa.

Yi wa Bagadaza. Gida na 2 Jadyu ne, babu kowa a ciki, uban gidan Zuhal. Ina Zuhal? In ka bi lissafin da ya sa shi a ƙarshen Hamal, ya faɗa burujin da ake cewa nan ne faɗuwar darajarsa. In ka bi wanda ya sa shi a farkon Saur, ya faɗa gida na 6, na cuta da bauta. Ko ta ina, mai riƙe da taskar garin ba shi da lafiya. Uɗarid na 'yan kasuwa kuma yana gida na 8, gidan mutuwa. Da za a ba ka wannan taswira ba a faɗa maka sunan garin ba, cewa za ka yi kasuwarsa ba za ta ci ba.

Alhali cikin shekara 50 Bagadaza ta zama ɗaya daga cikin birane mafi arziki a duniya. To me mai duba zai ce? Zai ce ai Mushtari shi ne tauraron dukiya tun asali, ƙarfinsa ya rufe raunin Zuhal. Ka lura da wannan dabara, domin za ka yi ta gamuwa da ita: kowace tambaya tana da ƙofa uku ko huɗu, in wannan ta ƙi buɗuwa sai a koma waccan. Shawarata ita ce ka rubuta hukuncinka bisa ƙa'idar farko kafin ka duba tarihi, kada ka goge.

Wani abin dariya, Mansur da aka zaɓa wa tauraron karamci shi ne wanda mutanensa suka laƙaba wa Abu Dawaniƙ, uban ƙananan kuɗi, saboda yadda yake bin magina da lissafin kobo-kobo.

Mataki na shida: matsayin gari a tsakanin maƙwabtansa

A nan gida uku ake haɗawa: na 10 don ƙarfin sarauta, na 9 don nisan da sunan garin zai kai, na 7 don wanda zai tsaya masa a gaba. Akwai kuma rabon duniya da suka gada daga Girkawa da Farisawa, iƙlimi bakwai jere daga kudu zuwa arewa, kowanne da tauraronsa. Iraƙi tana na huɗu, na tsakiya, wanda a wani sanannen tsari aka ba Rana. Marubuci Yaƙubi, da ya zo bayanin ƙasashe, da Bagadaza ya fara, yana cewa ita ce tsakiyar duniya. Rana mai ƙarfi a gida na 9 ta yi daidai da wannan kirari.

Sai ka dubi gida na 7. Mirrihu ne zaune a ciki, a kan turke, yana kallon Mushtari ido cikin ido, daraja kusan 180. Tauraron yaƙi a gidan abokin gaba. Ba yadda za a yi a ce Naubakht da Masha'allahu ba su gani ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne ba su da zaɓi: in dai Ƙausu ne zai zama ɗali'i a wannan mako, dole Jauza ta zama ta bakwai, Mirrihu kuma yana can. Halifa ga ma'aikata ya tara daga ko'ina, ba zai jira shekara 12 ba. Mai zaɓen sa'a tamkar mai sayen goro ne a ƙarshen kasuwa, abin da ya rage a huhu shi zai tsinta.

Mataki na bakwai: lokaci

Taswirar kafuwa ba ta faɗin yaushe. Don haka sukan ƙara biyu a kanta: taswirar shigar Rana Hamal a kowace shekara, da haɗuwar Mushtari da Zuhal da ke faruwa kusan duk shekara 20, wadda Abu Ma'ashar, da ya rasu a 886, ya gina bayanin tashi da faɗuwar dauloli a kanta. Ta ƙarshe ita ce ta 21 ga Disamba, 2020, da aka gani da ido bayan magariba. Mai farawa ya bar wannan mataki, rassansa sun yi yawa, kuma da yawan rassa ake samun wurin ɓuya.

Mataki na takwas: kife takardar, ka ɗauko tarihi

Wannan shi ne matakin da ya raba ɗalibi da mai talla. Nemi magana guda da masu duban suka faɗa tun kafin abin ya faru, wadda za a iya cewa ta tabbata ko ta ƙarye. A Bagadaza akwai ta. Masu tarihin birnin sun ruwaito cewa an yi wa Mansur albishir da daɗewar garin da yawan arzikinsa, da kuma cewa babu halifan da zai mutu a cikinsa.

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Mansur ya rasu a 775 a hanyar Makka. Mahadi a 785 a Masabazan. Haruna Rashid a 809 a Ɗus, can Hurasan. Ma'amun a 833 kusa da Ɗarsus. Har nan maganar tana tafiya, shi ya sa ta yi suna. Amma Amin fa? A Bagadaza aka kashe shi a 813, bayan sojojin ɗan'uwansa ƙarƙashin Ɗahiru ɗan Husaini sun yi wa garin ƙawanya fiye da shekara guda. Sai aka ce ai mutuwar kan gado ake nufi, ba kisa ba. Daga 836 zuwa 892 halifofi suna Samarra, yawancinsu ba su ma zauna a garin ba balle su mutu a ciki. Da suka dawo, Mu'utadid ya rasu a Bagadaza a 902, Muktafi a 908. Sai aka ce ai kewayayyen birnin Mansur ake nufi, ba gefen gabas ba. Kowace gawa sai an matsar da katanga. A 1258 Hulagu ya shigo, ya kashe Musta'asim, halifancin Bagadaza ya ƙare. Masu taswira suka ce ga Mirrihu nan na gida na 7. Shekara 496 kenan bayan aza tubali. Wane gari ne a wannan yanki ya yi shekara 500 bai ga yaƙi ba?

Daga nan sai ka yi tambaya ta biyu: abin da taurari suka ce sun bayyana, akwai bayaninsa a ƙasa? Shimfiɗa taswirar Iraƙi. A daidai Bagadaza ne Dijla da Furat suka fi kusantar juna a tsakiyar ƙasar, kuma magudanar Nahru Isa, wadda jirage ke bi, ta haɗa su. Kayan Sham suna gangarowa ta Furat, na Mausil ta Dijla, na Indiya da Sin suna hawowa daga Basra. Babbar hanyar Hurasan, inda rundunar Abbasiyawa ta fito, nan take sauka. Kewaye da garin ga Sawad, baƙar ƙasa mai noman rani da dabino. Kilomita wajen 35 kudu ga kangon Mada'in, fadar sarakunan Farisa, shaidar cewa wasu sun riga sun gane amfanin wurin tun ɗaruruwan shekaru. Ɗabari mai tarihi ya ruwaito Mansur da kansa yana nuna Dijla yana cewa babu abin da ya shiga tsakaninsu da Sin. Ƙofofin birnin huɗu ma sunayen inda suke kallo aka sa musu: Kufa, Basra, Hurasan, Sham. Ga siyasa kuma: Kufa cike take da magoya bayan Alawiyyawa, halifa ba ya barci da ido biyu a kusa da ita, har ma tawayen Muhammadu Nafsuz Zakiyya da ɗan'uwansa Ibrahim ya tsayar da ginin a shekarar farko.

Ilimin da ya ba ka mamaki a mataki na huɗu ma ga hanyarsa. Inda harajin daula ke taruwa nan malamai da likitoci da masu fassara ke taruwa, kuma a daidai wannan zamani sana'ar takarda ta iso daga Samarƙand. Ita kuwa kasuwa, umarnin halifa ne ya fitar da ita daga cikin ganuwa zuwa Karkh wajen 773, don tsaro, kuma can ta bunƙasa har ta fi birnin da aka yi wa duba rai. Kewayayyen birnin kansa bai daɗe ba. Koren ƙubbarsa ta rushe a 941 cikin wani dare mai hadari, yau ko tubalinsa guda ba a gani a sarari.

Mataki na tara: gwada da gari na biyu

Gari ɗaya ba ya isa hukunci. Nemi wanda aka ce an kafa shi a mummunar sa'a, ka ga yadda ya ƙare. Alƙahira ce ta fi dacewa.

A 969 Jauhar Assiƙilli ya ci Masar da sunan halifan Faɗimiyawa Mu'izzu, ya shata sabon birni arewa da Fusɗaɗ. Labarin da Maƙrizi mai tarihi ya kawo shi ne an kafa sanduna kewaye da filin, aka ɗaura igiya mai ƙararrawa, aka ce wa ma'aikata da sun ji ƙara su fara haƙa, masu duba kuma suna jiran sa'a. Sai hankaka ya sauka a kan igiyar. Ƙararrawa ta kaɗa, aka zuba harsashi, masu duba suka yi kururuwa cewa Alƙahir ne ke ɗali'i, wato Mirrihu. Daga nan, in ji labarin, sunan garin ya samo asali.

Yanzu koma kan abu na uku da na ce ka rubuta a saman takarda, wato wa ya ruwaito, kuma yaushe. Maƙrizi ya rasu a 1442, shekara fiye da 470 bayan abin. Mas'udi kuma, wani mai tarihin, wanda ya rasu a 956, shekara 13 kafin a haƙa harsashin Alƙahira, ya riga ya ba da labarin hankaka da igiya da ƙararrawa, amma a kan Iskandar da kafa Iskandariyya. Hankakan ya girmi garin da aka ce ya ɓata wa sa'a.

Ko da mun karɓi labarin yadda yake, garin nahisar shi ne aka fara ginin Azhar a cikinsa a 970. Rundunarsa ce ta karya Mongol a Ainu Jalut a 1260, shekara biyu bayan sun rusa garin Mushtari. A 1261 kuma nan ragowar gidan Abbas suka sami mafaka, aka naɗa musu halifa.

Koma Stellarium, ka sa Alƙahira, ka sa daren 6 ga Yuli, 969, ranar da aka fi ambata, ka tura agogo zuwa kafin asuba. Mirrihu zai ɓullo daga gabas wajen awa uku kafin rana. Danna shi ka karanta lambarsa, ta ranar, ba mai alamar J2000.0 ba. Yana Jauza, wajen daraja 6 zuwa 7, kusan daidai inda yake ranar da Mansur ya aza tubalinsa shekara 207 kafin nan.